Kuɗina kaɗan ne, ina son haɗa kwamfutar gem: ina zan fi zuba su?

Tambaya:

Assalamu alaikum, Malam. Na daɗe ina tara kuɗi don in haɗa kwamfutar buga gem da hannuna, amma abin da na tara bai taka kara ya karya ba. Ga abin da na tsara: furosesa Core i7-12700K, madabod Z690, na'urar sanyaya mai ruwa, RAM 8GB guda ɗaya, katin hoto GTX 1650, sai akwati mai fitilu wanda ya zo da na'urar wutarsa a ciki. Fortnite na fi bugawa, kuma ina sha'awar Cyberpunk 2077. Allona 1080p ne. Tsarin ya yi?

Amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Gaskiya tsarin bai yi ba. Amma kada ranka ya ɓaci, domin da kuɗin nan da ke hannunka za a haɗa wadda ta fi wannan nesa ba kusa ba. Matsalar ita ce ka kwashe mafi tsokar kuɗin ka kai wa wanda ba shi ne zai ɗauki nauyin aikin ba.

Allonka na 1080p yana da ɗigo 1920 a kwance, 1080 a tsaye, wato sama da miliyan biyu. Idan kana son gem ya tafi sumul, sai an sake zana waɗannan ɗigogi duka aƙalla sau 60 a kowace daƙiƙa, da haskensu da inuwarsu. Wannan aikin katin hoto ne. Furosesa nasa lissafi ne: ina harsashi ya nufa, me abokin gaba zai yi, sannan ya miƙa wa kati ya zana. In ka haɗa i7-12700K da GTX 1650, furosesan zai gama nasa ya naɗe hannu yana jiran katin da ya fito tun 2019 da ma'ajiyar hoto 4GB kacal. Ka sayi ingarman doki ka ɗaure shi a turke ke nan. Fortnite zai yi, amma Cyberpunk sai ka sauke kusan komai ƙasa kafin ya motsa yadda ido zai jure.

Saboda haka sai mu juya lissafin. Ni a nawa ganin, a kwamfutar gem ta mai ƙaramin ƙarfi, katin hoto ya kamata ya ci kashi 35 zuwa 40 cikin ɗari na kuɗin, sauran kayan su raba abin da ya rage.

A ina za a samo kuɗin? Daga harafin K ɗin nan da ke ƙarshen sunan i7-12700K. Ma'anarsa ita ce ana iya tilasta wa furosesan gudu fiye da yadda kamfani ya saita shi. To amma ba ya yarda da hakan sai a kan madabod (babban faifan da ake ɗora duk kayan a kansa) mai harafin Z, kuma ba ya zuwa da fankar sanyaya a kwalinsa, ga shi yana iya jan wuta har wat 190. Ka ga harafi ɗaya ya jawo maka kashe kuɗi uku. Ka sauka zuwa Core i5-12400F ko Ryzen 5 5600. Dukansu a 2022 suka fito, kowanne yana da ƙwayoyin aiki shida, kuma in a kwalinsu ka saya, kowanne da fankarsa. Na Intel ɗin, wato Core i5, ka ɗora shi a kan madabod B660 ko B760, na AMD kuma, wato Ryzen, B550. Ruwan sanyaya sai ka manta da shi gaba ɗaya. Ko a Fortnite, inda masu gasa ke rage kyan hoto don su sami gudu, abin da ke sa nauyi ya koma kan furosesa, ƙwayoyi shida sun wadatar.

Ka lura da abu guda a nan. Duka biyun ba su da nasu ɓangaren hoto a ciki, ma'anar F ɗin Intel ke nan, don haka in babu kati allo ba zai nuna komai ba. Akwai Ryzen 5 5600G mai nuna hoto da kansa, kuma yana da amfani ga wanda zai fara ba kati ya saya daga baya. Amma ga mai kati a hannu koma baya ne: ƙaramar ma'ajiyar da ke cikinsa (cache) 16MB ce, ta 5600 kuwa 32MB, kuma hanyar da ke haɗa shi da katin hoto, wato PCIe, a tsohon zubi na 3.0 ta tsaya.

Yanzu katin. Mafi ƙanƙantar abin da zan yarda ka saya shi ne Radeon RX 6600 mai 8GB, wanda zai ba ka wajen ninki biyu na abin da GTX 1650 zai ba ka. In kuɗi sun kai, akwai RX 7600, da RTX 4060, da RTX 3060 mai 12GB, da kuma Arc B580 na Intel mai 12GB da ya fito a ƙarshen 2024. Shi na Intel ɗin ba ya sakin jiki sai an kunna masa wani saiti mai suna Resizable BAR a cikin BIOS, wato shafin saitin madabod da ake shiga lokacin kunna kwamfuta. Farashi yana hawa yana sauka, saboda haka ranar da za ka saya ka duba gwajin da aka yi wa kowannensu a gem ɗin da kake bugawa, ka ga wanne ya fi ba da hotuna a daƙiƙa gwargwadon kuɗinsa.

Sunayen katunan nan suna da tarko, kuma mutane da yawa sun faɗa. RTX 3050 sunansa ya fi daɗin faɗi, amma RX 6600 ya fi shi gudu. RTX 3060 kansa iri biyu ne: mai 12GB da mai 8GB, kuma na biyun ba ma'ajiya kaɗai aka rage masa ba, har hanyar da bayanai ke bi an tsuke ta daga bit 192 zuwa 128. Shi kuwa RX 6500 XT, 4GB gare shi da layukan PCIe huɗu kawai, in ya hau tsohon madabod sai ya ƙara sanyi. Ƙasa da 8GB dai kada ka kalla. Idan ma'ajiyar hoto ta cika, gem ba raguwar gudu kawai yake yi ba, tsayawa yake yi cak ya ci gaba, kuma wannan ya fi komai cin rai ana tsakiyar fafatawa.

Na hannu fa? Furosesa da RAM ba su cika lalacewa ba, ina sayensu hankali kwance. Kati kuma sai da gwaji. Tun da Ethereum, wani kuɗin intanet, ya daina amfani da katunan hoto wajen haƙa, wato samar da sababbin kuɗin, a Satumban 2022, katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka cika kasuwa. Ba duka ne marasa lafiya ba, amma ka sa a kunna gem mai nauyi a gabanka na kamar rabin sa'a, ka duba zafinsa, ka saurari fankokinsa, ka ga ko wasu layuka ko ɗigogi suna ɓullowa a allo.

RAM ɗinka ma, wato ma'ajiyar wucin gadi da furosesa ke aiki da ita, da gyara. Ka sayi 8GB guda biyu, su zama 16GB, DDR4 mai gudun 3200. Guda biyu suna ba furosesa hanya biyu ta ɗebo bayanai maimakon ɗaya. A madabod mai ramuka huɗu, galibi rami na biyu da na huɗu daga gefen furosesa ake sa su, amma ka duba littafinsa. Sannan ka shiga BIOS ka kunna XMP, saitin da ke sakar wa RAM cikakken gudunsa, in ba haka ba za su yi ta tafiya ƙasa da gudun da ka biya. Madabod ɗin Intel na wannan zubi wasu DDR4 suke karɓa, wasu DDR5, babu ruwan ɗaya da ɗaya, ka karanta kwali da kyau.

Sai inda na fi jin tsoro a jerin naka, wato na'urar wutar da ta zo kyauta cikin akwati. Araha ba ta ado. Ita ce ke karɓar wutar bango ta mayar da ita volt 12 da 5 da 3.3 ta raba wa kowa, kuma in ta tashi mutuwa ba lallai ta tafi ita kaɗai ba. Na taɓa buɗe wata kwamfuta da aka kawo mini, an rubuta wa na'urar wutarta wat 700 ɓaro-ɓaro, amma da na ɗaga ta sai na ji ta sakayau kamar ba komai a ciki. Ta ƙone, ta tafi da madabod. RX 6600 wat 132 yake ja, Ryzen 5 5600 kuma an ƙiyasta shi a wat 65, ka ga wat 550 zuwa 650 daga sanannen kamfani mai ba da garanti na shekaru ya ishe ka har da rara. Tambarin 80 Plus Bronze yana nuna cewa ba ta ɓarnar wuta sosai, ba shaidar ingancin kayan ciki ba ne, don haka ka nemi gwajin ainihin samfurin. Wannan kam sabuwa za ka saya.

Ma'ajiya ba ta buƙatar dogon bayani: ka sayi ma'ajiyar fayil mai sauri, wato SSD, irin NVMe mai 1TB, tunda manyan gem na yanzu wasu sun haura 100GB. Kada ka biya ƙari don wanda ya fi kowa gudu a takarda, wajen buɗe gem bambancin kaɗan ne. Akwati kuma ka zaɓi mai raga a gaba don iska ta shiga, ka auna ka tabbata tsawon katin zai shiga. Fitilu ba sa ƙara hoto ko ɗaya.

Wani zai ce maka AM4, mazaunin Ryzen 5 5600, ya tsufa, ka tafi AM5 da ya fito a 2022. Yana da hujja, domin a can ne sababbin furosesa ke fitowa. Sai dai AM5 DDR5 kaɗai yake karɓa, kuma madabod ɗinsa ya fi tsada. In bambancin zai sa ka rage katin hoto, ka zauna a AM4. In kuwa ka tarar ratar kaɗan ce, ka haura.

Kafin ka biya, ka zuba jerin kayan a shafin intanet na PCPartPicker ya duba maka ko sun dace da juna. Ranar da ka gama haɗawa kuma, wayar allo a jikin katin hoto za ka soka ta, can ƙasa, ba a ramin madabod na sama ba. In allonka mai 144Hz ne, wato mai sabunta hoto sau 144 a daƙiƙa, ka shiga saitin Windows ka zaɓi 144 da hannunka, domin sau da yawa a 60 yake farawa.