Tambaya da Amsa: Sayen furotin na bincike

Tambaya: Dakta, na sayi furotin IL-6 na ɗan Adam (wani furotin ne na garkuwar jiki), maikrogiram 10, da kuɗin aljihuna don aikin digirina na biyu. Da ya iso na ɗaga kwalbar, wallahi ban ga komai ba. An cuce ni ne? Ɗaliba daga Zariya.

Amsa: Kwantar da hankalinki 'yata, kayanki na ciki. Maikrogiram 10 kashi ɗaya ne cikin 100,000 na giram, kuma busasshe ne, ido ba zai gan shi ba. Kada ki buɗe tukuna. Fara juya kwalbar a santirifuj, na'urar da ke juya kwalabe da gudu, don abin da ya maƙale a murfi ya sauko. Ki narkar da shi da ruwan da takardarsa ta faɗa, ban da girgizawa, sannan ki rarraba shi a ƙananan kwalabe ki ajiye a firiza mai sanyin digiri -20 na Selshiyas. Daskarewa da narkewa akai-akai ne ke kashe shi. Da irin wutarmu, ki lallaɓa wanda firizarsa ke kan sola.

Tambaya: EPO, furotin da ke sa jiki ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini, zan ba ɓeraye. Wanda aka yi a bakteriya ya fi sauƙin kuɗi, in saya? Malami daga Sakkwato.

Amsa: A'a, Malam. E. coli, bakteriyar da ake sa ta ƙera furotin, ba ta iya liƙa wa furotin sarƙoƙin sukarin da ƙwayoyin jikinmu ke liƙa masa. Insulin ba ya buƙatarsu, shi ya sa aka iya samar da shi a E. coli har Amurka ta amince da Humulin a 1982. Shi kuwa EPO, in babu sukarin, nan da nan jiki ke kawar da shi. Nemi wanda aka yi a ƙwayoyin CHO, wato ƙwayoyin jikin dabbar hamster da ake reno a ɗakin gwaji.

Tambaya: Wani dillali ya ce zai kawo mana TNF-alfa, wani furotin na garkuwar jiki, a rabin farashi, amma takardar shaidar inganci sai daga baya. Shugaban ɗakin gwaji, Kano.

Amsa: Daga baya yaushe? Ranka ya daɗe, kai ma ka san dala ba ta sauka ba, kuɗin jirgi da na kwastan ba su ragu ba. To daga ina rabin farashin ya fito? Ko kayan ya kwana biyu, ko an raba kwalba ɗaya gida uku an liƙa sabon tambari, ko kuma ba shi ba ne gaba ɗaya. Farin gari dai farin gari ne, ba ka da hanyar ganewa da ido.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne endotoksin, gubar da ke jikin bangon E. coli. In ba a tace furotin da kyau ba, tana biyo shi, kuma ɗan kaɗan ɗinta ya isa ya tunzura ƙwayoyin garkuwar jiki su zubo TNF da IL-6 da kansu. Sai ɗalibinka ya ga sakamako mai kyau, ya yi murna, ya rubuta babi guda, alhali datti ya auna. Kuɗin TETFund sun tafi, shekarar yaro ta tafi, mai yiwuwa har a wallafa ƙarya da sunanka a kai. Ina mamakin masu ciniki kan wannan amma ba sa ciniki kan lemo da jakunkunan taron bita.

Kafin ka biya ko kwabo, a nuna maka takardar da lambar rukuninta ta yi daidai da ta jikin kwalba. Duba tsafta a gwajin SDS-PAGE, wanda ke rarrabe furotin bisa girmansu, galibi kashi 95 cikin ɗari ko fiye. Endotoksin ƙasa da EU 1 (EU ma'aunin endotoksin ne) a kowane maikrogiram. Sai shaidar cewa an gwada shi a kan ƙwayoyi ya yi aiki. Aika wa kamfanin lambar ta imel su tabbatar. Busasshe yana jure 'yan kwanaki a hanya, amma na ruwa in ya iso busasshiyar ƙanƙararsa ta ƙare, kada ka sa hannu. In kuɗi ne matsala, ku haɗu da wani sashe ku sayi babbar kwalba ku raba.

Tambaya: Na ga homon ɗin ƙara girma a shafin masu sayar da kayan bincike. Zan iya yin allurarsa don in ƙara tsawo? Shekaruna 26.

Amsa: Kai samari, ba ka ga an rubuta don bincike kawai ba? Ba magani ba ne, ba shi da lambar NAFDAC, ba a kuma tace shi don jikin mutum ba. Ƙasusuwanka sun daɗe da rufewa, ko na asibiti ba zai ƙara maka inci ɗaya ba. Mayar da kuɗinka aljihu.