An Sace Laftof Ɗina Mai Ɗauke da Bayanan Kamfani, Me Ya Hau Kaina?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a sashen kuɗi na wani kamfani, kuma da laftof ɗina na kaina nake aikin, da sanin shugabannina. An fasa gilashin motata an ɗauke shi. A ciki akwai sunayen abokan ciniki da lambobin asusunsu da BVN ɗin ma'aikata. Har yanzu ban gaya wa kowa ba saboda tsoron kora. Shin akwai ramuwa a kaina? Kuma in kamfani ya ce a goge komai daga nesa, har da hotunan iyalina, dole in yarda alhali na'urar tawa ce?

Amsa: Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya mayar maka da mafi alheri.

Na'urar taka ce, amma bayanan kamfani da ke cikinta ajiya ce a hannunka. Ƙa'idar malamai ita ce amintacce ba ya biyan abin da ya salwanta a hannunsa sai in ya ƙetare iyaka ko ya yi sakaci. Ibnu Abi Zaid ya faɗa a Risala cewa wanda aka ba ajiya, in ya ce ta ɓata, ana gaskata shi. Saboda haka satar ita kaɗai ba ta ɗora maka komai ba.

Sakaci kuwa ana auna shi da al'ada da kuma sharaɗin aiki. Wanda ya kulle laftof a but ɗin mota ba ɗaya yake da wanda ya bar shi kan kujera kowa na hangensa ta gilashi ba. Haka nan in kamfani ya umarce ka da kulle rumbun ajiyar bayanan laftof ɗin da BitLocker ko FileVault, wato manhajojin da ke hana karanta bayanai sai da mabuɗin sirri, ka ƙi, ka yi sakaci, domin kalmar sirrin buɗe kwamfuta kawai ba ta hana ɓarawo zare rumbun ya karanta shi a wata na'urar. In kuwa sun bar ka kana aiki da kayanka ba su tsara wani tsaro ba, su ma suna da kaso a laifin, kuma ba ya halatta su jibga maka asarar kai kaɗai.

Abin da ya fi damuna a tambayarka shi ne shirun nan. Ɓoyewa haramun ne, ɗan'uwa. Allah ya hana ha'intar amana a Suratul Anfal, aya ta 27. Ka tuna da mai gadin kamfaninku: gobe wani ya kira shi ya ce daga banki ne, ya karanto masa BVN ɗinsa daidai, ya nemi lambar da aka turo masa, albashin wata ya tafi. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ba kamfani awa 72 bayan ya sani ya sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, in akwai haɗari ga mutane. Ka sanar da shugabanninka yau, ka canza kalmomin sirrin imel da na asusun aiki, ka kai rahoto wurin 'yan sanda.

Batun gogewa, in ka sa hannu a kan haka tun farko, Musulmi suna kan sharuɗɗansu, kamar yadda ya zo a hadisin Abu Dawud da Tirmizi. In ba ka sa ba, sai sun nemi izininka, amma bayar da izinin wajibi ne a kanka, domin ana ture babbar cuta da ƙarama. Halliru ya huda jirgin miskinai don kada azzalumin sarki ya ƙwace shi ɗungurungum. Rashin hotuna da ciwo, ba na raina shi, sai dai bai kai tonuwar asirin mutane da kwashe dukiyarsu ba. In akwai hanyar goge ɓangaren kamfani kaɗai, ita za a bi, kuma ba su da ikon leƙa abin da ya shafi gidanka, domin Allah ya hana bin diddigi.

Umarnin gogewa ba ya aiki sai na'urar ta hau intanet, don haka kada ku dogara da shi ku fasa gargaɗin waɗanda bayanansu ke ciki.

Allah ne mafi sani.