Tambaya da Amsa: Wane Harsashi Ya Dace da Farautar Barewa a Amurka?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Malam, ni mazaunin jihar Wiskonsin ne a Amurka. Bara na yanki lasisin farauta, na sayi bindiga ƙirar raifal mai cin harsashin .30-06, na bi abokan aikina daji a kakar farautar barewa ta kwana tara da ake buɗewa a watan Nuwamba. Na harbi barewa daga nisan kimanin yadi 70 da irin harsashin da na yi atisayen saiti da shi, ta zura da gudu, muka bi sawunta har duhu ya rufa ba mu gan ta ba, abin kuma yana damuna har yau. Wani maƙwabcina da ke ɗura harsasansa da kansa ya ce da na ƙara albarushi da ta faɗi nan take. Wane harsashi ya dace in nema, kuma ɗurin hannu ya fi na kanti? Sannan naman abin da aka kashe da bindiga ya halatta?

AMSA: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka cire tunanin cewa bindigarka ta gaza. Harsashin .30-06, wanda sojojin Amurka suka fara amfani da shi a 1906, yana kayar da dabbobin da suka ninka barewa mai farar wutsiya girma sau da yawa, kuma a nisan yadi 70 ƙarfinsa ya yi wa barewa yawa ma. Saboda haka shawarar maƙwabcinka ba ta taɓa inda ciwon yake ba. Abu biyu ne ke sa barewa ta ɓace bayan harbi: inda ƙwayar harsashin ta same ta, da abin da ƙwayar ta yi bayan ta shiga jiki. Na farkon ya fi yawa, domin wurin da ake nema, wato huhu da zuciya a bayan ƙafar gaba, faɗinsa bai wuce na farantin cin abinci ba, kuma wadda aka samu a tumbi takan yi nisa ba tare da zubar da jinin kirki ba.

Na biyun shi ne ainihin tambayarka. Ƙwayar da aka ƙera domin farauta aikinta ta buɗe baki kamar laima idan ta daki nama, sannan ta riƙe nauyinta ta ci gaba da ratsawa har ta fita ta ɗaya gefen, domin ƙofar fitar ce ke zubar da jinin da maharbi zai bi. Ƙwayar da aka lulluɓe gaba ɗaya da tagulla irin ta soja ba ta buɗewa, takan huda ta wuce kamar allura, shi ya sa jihohi da yawa suka hana farautar barewa da ita. Ƙwayar gasar saiti kuwa an yi ta ne domin huda takarda, bawonta siriri ne, wani lokaci ta tarwatse a kan ƙashin kafaɗa, wani lokaci ta ƙi buɗewa sam. Kamfanin Sierra da kansa ba ya ba da shawarar a yi farauta da samfurinsa na MatchKing. Ina kyautata zaton ɗaya daga cikin waɗannan biyun ka ɗauka zuwa daji, don haka ka koma ka karanta abin da aka rubuta a jikin kwalin.

Ƙwayoyin farauta na gaskiya sun bambanta ta yadda aka haɗa dalmar ciki da bawon tagullar waje. Mafi tsufa kuma mafi araha ita ce mai dalma a buɗe a tsini, irin su Core-Lokt na Remington da ya fito a 1939, kuma ga barewar dajin Wiskonsin, inda itatuwa ba sa barin mutum ya hangi nesa, wannan ta wadatar. Akwai mai katanga a tsakiya, wadda John Nosler ya fara sayarwa a 1948 da sunan Partition, bayan da a 1946 ya harbi wata ƙatuwar dabbar dawa mai jiki duk taɓo a Kanada, ƙwayoyinsa suka riƙa farfashewa ba su shiga ba. Dabarar tasa ita ce gaba ya buɗe, bayan katangar kuma ya tsaya da nauyinsa ya tura. Akwai wadda aka like dalmar da bawon don kada su rabu, sannan akwai ta tagulla zalla babu dalma, wadda kamfanin Barnes ya yi fice da ita.

Ni dai ta tagullar nake fifitawa ga mai farauta domin tukunyar gidansa. Dalma guba ce, kuma binciken da hukumar albarkatun ƙasa ta jihar Minesota ta yi a 2008 ya nuna cewa ƙwaya mai saurin farfashewa tana watsa ɓurɓushin dalma cikin nama nesa da ramin harbin, ƙanana ƙwarai har ido ba ya gani, haƙori ba ya ji. Jihar Kalifoniya ta hana farauta da harsashin dalma gaba ɗaya tun 1 ga Yuli, 2019. Sai dai ta tagulla tana da sharaɗinta: ta fi ta dalma tsawo idan nauyinsu ɗaya, kuma tana buƙatar gudu kafin ta buɗe, don haka a kan zaɓi mara nauyi kaɗan.

Nauyin ƙwaya da giren ake auna shi, giren ɗaya kuwa kimanin giram 0.065 ne. A bindigarka, mai giren 150 ko 165 ta isa barewa; ta 150 takan bar bakin bindiga da gudun kusan ƙafa 2,900 a daƙiƙa, ta 180 kuma kusan 2,700, tare da ƙarin dukan kafaɗa wanda ba ka da buƙatarsa. Ka sayi iri biyu ko uku, ka gwada su a filin atisaye daga yadi 100, ka riƙe wanda ya fi tara harbinsa wuri ɗaya, domin bindiga biyu ƙirar kamfani ɗaya ma kowace da abin da take so. Da shi za ka daidaita madubin saiti, da shi kuma za ka shiga daji.

Ɗurin hannu halal ne a dokar Amurka idan don amfanin kanka ne, sayarwa ce ke buƙatar lasisi. Ka lura cewa wannan hukuncin can ne. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ba ta bar mutum ya haɗa harsashi a gida yadda ya ga dama ba. Abin da ake yi wajen ɗurin hannu shi ne a tsabtace kwanson da aka harba, a mayar da shi girmansa, a sa sabuwar firaima mai tayar da wuta a gindinsa, a auna albarushi a sikeli, a dasa ƙwaya. Amfaninsa shi ne ka zaɓi ƙwayar da kake so kuma kowane harsashi ya fito daidai da ɗan'uwansa. Wanda ya saba ganin maharban gida suna ɗura adaka da kintace kada ya kawo wannan hannun nan, domin albarushin zamani wani abu ne daban, kuma iyakar matsin da SAAMI, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin bindigogi da harsasai a Amurka, ta ƙayyade wa .30-06 ya kai fam 60,000 a kan kowane inci murabba'i, a tazarar 'yan yatsu daga idon mai harbi. Ba zan rubuta maka awon albarushi a shafin mujalla ba, kuma kada ka karɓe shi daga bakin maƙwabci. Ka sami littafin awo na kamfanin da ya ƙera ƙwayar ko albarushin, ka fara daga awo mafi ƙanƙanta, ka riƙa hawa kaɗan-kaɗan, kada ka ƙetare iyakar da aka rubuta. Idan ka canja ƙwaya ko firaima ko kwanso, ka koma farko. Idan sakatar bindiga ta yi tauri wajen buɗewa, ko firaimar ta baje, ko gindin kwanso ya fito da tabo mai sheƙi, matsi ya yi yawa, ka dakata. A shekararka ta biyu a daji, kuɗin injin ɗurin ya fi amfani a kan harsasan kanti masu kyau da yawan zuwa atisaye.

Game da halaccin naman, a hadisin Adiyyu ɗan Hatim an yi umarni da cin abin da makami ya huda da kaifinsa, aka hana abin da ya mutu da bugun gefen makamin, kuma a kan haka malaman Malikiyya na baya-baya da wasunsu suka halatta abin da harsashi ya kashe, tunda yana hudawa ya zubar da jini. Ka ambaci sunan Allah yayin da za ka danna kunama, idan kuma ka iske dabbar da sauran rai a jikinta, sai ka yanka ta, don haka wuƙa mai kaifi ta kasance a ɗamararka tun kafin ka hau bishiyar da za ka yi kwanto.