Tambaya da Amsa: Jitar PRS, ado ne ko sauti?

Tambaya: Malam don Allah wai jitar PRS tana da sauti kuwa? Abokina ya ce ado kawai mutane ke saya da tsada.

Amsa: To ɗan'uwa, wannan gardamar ta daɗe fa. Paul Reed Smith (daga sunansa aka samo PRS) ya kafa kamfanin a Maryland ta Amurka a 1985, aikin katakonsu kam ba a magana, ga adon hotunan tsuntsaye jere a wuyan jitar. Tsawon tsirkiyarta inci 25 ne, na jitar kamfanin Fender 25.5, na jitar kamfanin Gibson 24.75, shi ya sa wasu makaɗa ke cewa sautinta ba nan ba can, wai ya cika tsafta ba yaji. Ni dai ban yarda ba, shahararren makaɗin jita Santana da ita yake kiɗa, kunna wa abokin naka kiɗansa ya ji tukuna.