Sabulun salo ko na farmasi? Amsoshin tambayoyinku

Assalamu alaikum jama'a. Tunda hunturu ya kankama saƙonnin da ke shigo min yawanci akan sabulu ne, dan haka yau shi zamu taɓa.

Wata baiwar Allah daga Garwa ta rubuto: "Anti dan Allah a bani shawara, ni tun tasowata sabulun salo nake wanka dashi, amma yanzu in na fito daga wanka fuskata sai ta ɗaure tayi fari fat kamar na shafa gari, har ƙaiƙayi take. Naje farmasi matar tace in sayi wani wai pain dermatologique, da naji kuɗin saida na ja da baya. Shin ya cancanci kuɗin ko dai kasuwanci ne kawai?"

Ƙanwata matar farmasin nan bata yaudare ki ba, amma kuma sabulun salo bai zama abokin gaba ba, bari kiji yadda abin yake. Duk abinda ake kira sabulu na asali, ko na salo ne ko na Marsel da Faransawa ke alfahari dashi ko wannan mai kusurwa huɗu na butik, hanyar yinsa ɗaya ce, mai ake dafawa da wani abu mai kaifi. Na kamfani da soda suke yi, na salo kuma da ruwan toka, a ƙasar Yarbawa da Gana tokar ɓawon koko da ɓawon filanten suke ƙonawa su haɗa da man ja ko man ƙwarar kwakwa ko man kaɗanya. To akwai ma'aunin tsami da kaifi da ake kira pH, daga 0 zuwa 14, 7 ne tsakiya, ƙasa da 7 tsami ne sama da 7 kuma kaifi irin na kanwa. Fatar mutum tana wajen 5 zuwa 5.5 wato tana da ɗan tsami-tsami, kuma wannan tsamin da ɗan maiƙon da ke samanta su ne suke riƙe ruwa a ciki suna tare ƙwayoyin cuta. Sabulu kuwa yana wajen 9 zuwa 10. Kin san yadda ɗan ƙanƙanin kanwa ke kashe tsamin yakuwa a tukunya? haka yake yiwa fatarki, ya wanke dauɗa ya wanke maiƙon tare, sai fatar ta ɗau awanni kafin ta koma daidai. A watan Maris da Afrilu da zafin Garwa ke haura digiri 40 zufa na zuba ba zaki ma lura ba, jikin na sake fitar da maiƙo nan da nan. Amma yanzu da iskar hunturu ke tsotse komai, leɓe na fashewa ƙafa na faso, shine kike ganin farin nan.

Wanda aka nuna miki a farmasi sindet ne. Siffarsa ta sabulu, kumfa yake kamar sabulu, amma sinadaran wankewa ne da aka haɗa a masana'anta aka daidaita su kusa da ma'aunin fata, tsakanin 5.5 zuwa 7. Ba sabon abu bane, Jamusawa ne suka fara haɗa irin waɗannan sinadarai a yaƙin duniya na farko da man yin sabulu yayi musu ƙaranci, Dove kuma, wanda shima sindet ne, tun 1957 ya shiga kasuwa a Amurka. Ki juya bayan kwalin ki duba abu na farko a jerin kayan haɗin, in kinga sodium palmate ko sodium tallowate ko sodium palm kernelate to sabulu ne na asali komai kyan kwalin da ƙamshinsa, in kuma sodium lauroyl isethionate ko sodium cocoyl isethionate ne a gaba to sindet ne. Na Faransa sukan rubuta sans savon, wato babu sabulu, ɓaro-ɓaro. Wanda aka rubuta surgras kaɗai kuwa sau da yawa sabulu ne da aka ƙara masa mai, yafi na butik taushi amma ba ɗaya suke ba.

Maganar kuɗi kuma, ni dai bazan ce ki wanke jikinki kaf da na farmasi ba, sefa bata faɗowa daga sama. Ki sayi guda ɗaya ki yanka shi da wuƙa gida uku, ki ajiye shi na fuska da wuya kaɗai, a wurin da ruwa baya kwanciya dan yana saurin narkewa in ya jiƙe. Sabulun salonki ki barshi ga hammata da ƙafa da matse-matsi, kuma kada ki goga ƙullin kai tsaye a jiki, akwai ɓurɓushin toka a ciki da ke karce fata, ki gutsiri kaɗan ki murza a tafin hannu sai yayi kumfa. Soson nan na raga da ake dirzar jiki dashi har sai an ji zafi ki rage shi wlh, da ruwa mai zafi sosai. Kina fitowa jiki da sauran danshi ki shafa man kaɗanya ko basilin, kada ki tsaya sai kin bushe. In kinyi haka sati biyu zuwa uku ƙaiƙayin bai lafa ba, ko kinga tabo-tabo yana yaɗuwa, to ya wuce batun sabulu, asibiti zaki, kyasbi da makero magani suke so.

Wani magidanci daga Kuseri yace shi katan guda yake saye na sabulun wanki, dashi ake wanki da wanke-wanke da wanka a gidan, kuma a ruwan rijiyarsu baya kumfa sai wani farin abu da ke taruwa a bokiti, ko jabu ake sayar masa?

Malam da wuya ace jabu ne, ruwan ne. Wasu rijiyoyi da foraj ruwansu nada sinadarin kalsiyam da maganiziyam da yawa, suna haɗuwa da sabulu sai su zama wannan farin dusar, kumfa ta mutu sabulun yata ƙarewa a banza. Sindet baya yin haka sosai. Amma abinda zan roƙe ka shine a raba na wanki da na wanka, na wanki an yi shi ne dan ya cire maiƙon tukunya da dattin riga. Kai da samarin gidan wataƙila fatarku ta jure, tsofaffi da yara kam a nemo musu na wanka ko mai arha ne.

Sai wata mai jego daga Injamena, haihuwarta ta fari, tace surukarta ta kawo sabulun salo na wankan jariri ita kuma tana tsoro, bata san yadda zata ce a'a ba.

Barka da arziki 'yata, Allah ya raya. Fatar jariri tafi tamu siranta nesa ba kusa ba, a satittikan farko ruwa mai ɗumi kaɗai ya wadatar, ko kwana ɗaya na farko ma Hukumar Lafiya ta Duniya cewa tayi a jinkirta wankan sai bayan awa 24. In ana buƙatar wani abu saboda kashi da tumbuɗi a nemi na jarirai marar turare. Matsalar na salo shine kowace mai dafawa da hannunta, wani ƙullin lafiya lau wani kuma tokar tayi yawa har yana cin hannu, ga shi in ya shiga ido kuka ne ba ƙaƙƙautawa. Ita kuma Inna kada ki musa mata, ki karɓa da hannu biyu kiyi godiya, kice ke zakiyi wankan jego dashi, na yaron kuma ungozomar asibiti tace a dakata. Ki tambayi ungozomar da gaske a ranar awo dan maganar ta zama gaskiya, in son samu ne ma ku tafi tare da Innar taji da kunnenta.

Ta ƙarshe wata amarya ce daga Marwa, biki saura wata biyu, mai gyaran jiki ta bata sabulun salo na haɗi a roba ba suna ba komai, tace cikin kwana goma zata yi haske.

Nan kam ba ja-in-ja, ki mayar mata. Sabulun salo tsantsa baya sa mutum fari, kurkum da zuma da dilka ma iyakarsu su goge fata tayi sheƙi. Duk abinda ke canza launi cikin kwana goma akwai wani abu da aka matsa a ciki, galibi tub ɗin man shafawan nan masu kotikoyid (maganin kumburin fata mai ƙarfi) irin su clobetasol, ko sinadarin bilicin hydroquinone, wani lokacin har makuri, wato zaiba, wanda ke taɓa ƙoda. Da farko za'a ta yaba miki, daga baya fatar ta sirance jijiyoyi su fito kore-kore, gaɓoɓin yatsu suyi baƙi, nankarwa ta tsattsage cinya da hannu kuma bata gogewa. A watan Agusta 2022 ma'aikatar lafiya ta Kamaru ta haramta shigowa da sayar da kayan shafa masu irin waɗannan sinadarai, amma ki zaga babbar kasuwa kiga, suna nan a jere. In kina son sabulun salo kije wurin matan da ke sayar dashi a dunƙule, ki zaɓi mai ruwan ƙasa-ƙasa mai taushi da ke marmashewa a hannu yana warin toka, wanda yayi baƙi wuluk yana sheƙi sau da yawa rini aka sa masa. Ki haɗa da kanki a gida da abinda idonki ya gani, kuma ki fara gwadawa a cikin damtse ki bari ya kwana kafin ki kai shi fuska.