Zoben da ake jefa wa teku: amsar Kawu kan tsibirin labarinka

Assalamu alaikum, ɗana. Saƙonka ya iso tare da babi biyun labarin da kake rubutawa, kuma na karanta su a natse. Tsibirin nan da ka ƙirƙiro ya zauna mini a rai: mutanen da ba su da gona sai teku, babban kwamandan rundunar ruwa shi ne sarkinsu, in ya rasu ɗansa ya gaje shi, kuma kowace shekara yakan fita tsakiyar ruwa ya jefa zobe ya ce ya auri teku. Ka tambaye ni ko an taɓa yin al'ummar da ke da wannan al'ada a zahiri, ka kuma tambaya ko mai karatu zai yarda cewa ƙasa mai irin wannan mulki ta kai shekara 1000 kamar yadda ka rubuta.

Al'adar kam an yi ta, ta kuma daɗe. Mulkin ne nake da ja a kansa, kuma a nan zan fi tsayawa.

Mutanen da suka yi auren teku su ne na Venis, birnin nan na arewacin Italiya da aka gina a kan ƙananan tsibirai cikin wani tafki mai ruwan gishiri, wanda dogayen tudun yashi suka raba da tekun Adiriyatik. Shugabansu ana kiransa Doje. A shekarar 1000 Doje Pietro Orseolo na biyu ya fita da jiragen yaƙi zuwa gaɓar Dalmeshiya da ke ƙetaren tekun Adiriyatik, inda 'yan fashin teku ke tare wa jiragen fataucinsu hanya, ya murƙushe su, garuruwan gaɓar suka yi masa mubaya'a. Ranar da ya fita ta dace da ranar da Kiristoci ke bikin hawan Annabi Isa sama, don haka kowace shekara a wannan rana sai a fita bakin teku a yi addu'a. Da fari addu'a ce kawai, ta roƙon Allah ya kwantar da ruwa ga duk mai tafiya a kansa. Zoben daga baya ya shigo. Su mutanen birnin suna danganta shi da shekarar 1177, lokacin da Fafaroma Alexander na uku ya sasanta da Sarki Frederick Barbarossa a garinsu, suna cewa Fafaroman ne ya ba Doje zoben. Daga nan Doje kan hau wani jirgi da aka lulluɓe da ruwan zinariya mai suna Bucintoro, a tuƙa shi zuwa mashigar Lido inda tafkin ke haɗuwa da teku, ya jefa zoben yana cewa sun aure ta, alamar mallaka ta gaskiya kuma ta har abada.

Ka lura da yadda abin ya taso. Ruwa ba ya tsami banza. Tsoro ne ya zo da fari, na mutanen da abincinsu duka ta ruwa yake zuwa, sai nasara ta biyo, sai addu'a, can daga baya kuma alfahari ya hau kai. A babinka na farko bikin ya faɗo ne haka kawai, da ado da ganguna, ba a san abin da ya haife shi ba. Ka ba shi asali. Wane ne ya taɓa tare musu hanya? Wace shekara ce jirage ba su dawo ba, gari ya kwana da yunwa? In mai karatu ya san wannan, zai ji nauyin zoben a lokacin da ya faɗa ruwa.

To, ga inda muka rabu da kai. Mutumin da ke jefa zoben a Venis, a mafi yawan tarihinsu, ba shi ke riƙe da rundunar ruwa ba, kuma ba ya barin wa ɗansa kujera. Da gangan suka tsara haka, bayan sun ɗanɗana. Shi kansa gidan Orseolo da na ambata, da aka ga suna neman mayar da mulki gado, an kori Otto, ɗan Pietro, daga mulki a 1026, kuma a 1032 aka hana Doje naɗa wani ya zama abokin mulkinsa, wanda ita ce dabarar da ake bi a ɗora ɗa tun uba na raye. Daga 1268 kuma suka fito da wani tsarin zaɓe da na daɗe ina jinjina wa. A cikin babbar majalisa ake fitar da mutum 30 ta hanyar ƙuri'ar sa'a, a sake rage su zuwa 9, su 9 ɗin su zaɓi 40, sa'a ta rage su zuwa 12, su zaɓi 25, a rage zuwa 9, su zaɓi 45, a rage zuwa 11, sannan waɗannan 11 su zaɓi mutum 41 da za su fitar da Doje, wanda sai ya sami aƙalla ƙuri'a 25. Yaron da ke zaro ƙwallayen sa'ar ma a titi ake tsinto shi ranar. Duk wannan wahala don kada wani gida, komai dukiyarsa, ya iya sayen kujerar tun kafin a zauna. Da wannan tsari suka ci gaba har 1797.

In an zaɓe shi kuma sai a ɗaure shi da rantsuwa. Ba ya buɗe wasiƙar wata ƙasa shi kaɗai, ba ya barin gari sai da izini, ba ya karɓar kyauta mai tsoka. Daga baya har suka kafa masu binciken Doje bayan rasuwarsa, in an samu ya ci abin da ba nasa ba a karɓa daga magadansa. Wanda ya gwada tsinke igiyar shi ne Marino Faliero, tsohon kwamandan ruwa da ya zama Doje. Ya haɗa baki da wasu ma'aikatan jirage don ya kawar da manyan gidaje ya zama sarki mai cikakken iko. Majalisar Goma, wadda aka kafa a 1310 don irin wannan, ta gano shi, aka fille masa kai a 1355. Har yau in ka shiga babban zauren fadar inda aka jera hotunan Dojoji, a gurbinsa zanen baƙin mayafi ne.

Me ya sa suke tsoron kwamandan ruwa haka? Yi tunani a kan matsayinsa. Da zarar jirage sun ɓace wa ido, babu mai ce masa a'a. Saƙo kan yi makonni kafin ya iso shi. Dubban mutane na ƙarƙashinsa, shi ke ba su abinci, shi ke hukunta su har da kisa, shi ke raba musu ganima. In ya juyo da jiragen nan ya fuskanci garinsu, garin da ke tsibiri ba shi da wata runduna ta biyu da za ta tare shi. Saboda haka muƙamin babban kwamandan teku ba ya zama dindindin a wajensu. Sai yaƙi ya taso babbar majalisa ke zaɓen mutum, a haɗa shi da wakilan gwamnati su tafi tare suna sa ido, in an gama ya dawo ya ajiye, ya yi bayanin kowane jirgi da kowane kuɗi. Wani abin da zai ba ka mamaki: sojan ƙasa sukan ba baƙo ɗan haya ya jagoranta, don baƙo ba shi da dangi a gari da zai jingina da su, kuma in ya yi wasa a gama da shi, kamar yadda aka yi wa Carmagnola a 1432. Amma jiragen yaƙi sai ɗan gari, ɗan babban gida, wanda iyalinsa da dukiyarsa ke zaune a hannun majalisa.

Labarin da na fi so ka karanta da kyau shi ne na Vettor Pisani, kwamandan jiragen yaƙinsu, don a cikinsa akwai duk abin da littafinka ke nema. A 1379 mutanen Jenowa, wani birnin Italiya, manyan abokan gabarsu a teku, suka ci shi da yaƙi a Pola. Da ya dawo gida aka gurfanar da shi, aka jefa shi kurkuku. Kafin shekara ta fita sai ga Jenowa ta kama Chioggia, a bakin tafkin nasu, ta toshe musu hanyar abinci. Aka nemi masu tuƙi su shiga jirage, suka ƙi, suka ce sai dai a ƙarƙashin Pisani. Dole majalisa ta buɗe kurkuku. Ga mutum da talakawa ke bayansa, an zalunce shi, gari na hannunsa in ya so. Sai ya karɓi aikin a ƙarƙashin majalisar da ta ɗaure shi, ya nutsar da jirage cike da duwatsu a mashigun ruwa, masu tsare gari suka koma su ne a tsare, har suka miƙa wuya a watan Yuni na 1380. Ni a ganina wannan zaɓi da ya yi ya fi nasarar kanta girma, kuma irin sa ne ke nuna maka yadda al'ada ke shiga jinin mutum har ta hana shi abin da yake da ikon yi.

Ba shi kaɗai aka yi wa haka ba. Antonio Grimani ya sha kashi a hannun Daular Usmaniyya a 1499, ya shigo gari da sarƙa, aka kore shi, amma a 1521 shi aka zaɓa Doje. Francesco Morosini ya miƙa wa Daular Usmaniyya birnin Kandiya na tsibirin Kirit a 1669 bayan kewaye na fiye da shekara 20, aka tuhume shi, aka wanke shi, a 1688 yana tare da jiragensa aka aika masa cewa ya zama Doje. Shi ne misalin da ya fi kusa da sarkinka, mutum ɗaya da kujera da runduna, kuma ko shi sai da aka haɗa shi da 'yan majalisa masu sa ido. Wasu ƙasashen ma sun taɓa hukunta kwamandojinsu na ruwa: Atina ta kashe 6 a shekara ta 406 kafin haihuwar Annabi Isa saboda ba su ceto waɗanda suka faɗa ruwa ba, alhali sun ci yaƙin, Ingila kuma ta harbe John Byng a 1757.

Akwai kuma mutanen da ban gani ba sam a babobinka, su ne masu ƙera jiragen. A Venis ma'aikatar ƙera jirage ta gwamnati ce, ana kiranta Arsenale, kuma ana danganta kafuwarta da wajen 1104. Ma'aikatanta suna da gata na musamman. Su ke tuƙa Bucintoro ranar auren teku, su ke gadin fada, su ke kashe gobara, su ke ɗaukar sabon Doje a kafaɗa su zagaya dandali da shi yana watsa kuɗi. Hikimar a fili take: hannun da ke iya ƙera jirgi yana iya ƙone shi, don haka aka jawo su jiki aka ba su rabo a cikin martabar gari. Haka nan manyan jiragen fatauci na gwamnati ne, kowace shekara a yi gwanjonsu, wanda ya fi tayi ya ɗauki jirgi zuwa Iskandariyya ko Bairut, ya dawo da masoro da kirfa da citta, a kan hanya da lokacin da majalisa ta yanka. Masu tuƙi 'yantattu ne masu albashi, har ana barin kowa ya ɗauki ɗan kayansa na sayarwa. Sai a tsakiyar ƙarni na 16 aka fara sa fursunoni a kan itacen tuƙi.

Sannan ka tambayi kanka daga ina tsibirinka ke samun katako. Jirgi ba ya fitowa daga ruwa. Venis ta keɓe dajin Montello a 1471 don jikin jirage, ta keɓe na Cansiglio a 1548 don itacen tuƙi, kuma dukansu a kan tudun Italiya suke, ba a tsibiri ba, inda ta riga ta mallaki garuruwa irin su Padua da Verona tun 1405. Ruwan sha ma na sama ne suke tarawa a rijiyoyin da yashi ke tacewa. Ƙasar tsibiri kullum tana da wani abu da take dogara da waje a kansa, kuma ta nan maƙiyi ke kama ta.

Ƙarshensu bai zo da babban yaƙin teku ba. Vasco da Gama ya isa Indiya ta bayan Afirka a 1498, kasuwa ta fara karkata zuwa wani teku. Tsibirin Kubrus ya fita hannunsu a 1571 duk da nasarar da aka yi kan Daular Usmaniyya a yaƙin teku na Lepanto a wannan shekarar, Kirit ta bi baya. Ana ci gaba da jefa zobe kowace shekara alhali ikon ya riga ya zube. Da Napoleon ya iso a 1797, Doje na ƙarshe, Ludovico Manin, ya sauka ba tare da an gwabza ba, kuma a shekara mai bi Faransawa suka kankare zinariyar Bucintoro suka ƙone adonsa. Yau magajin gari ne ke jefa zoben.

Shawarata ita ce ka zaɓi ɗaya. In kana son sarkin ruwa mai gado, ka bar shi, amma ka rage shekarun, ka bar mu mu ga 'ya'yansa biyu sun raba runduna suna yaƙar juna, don can abin zai nufa. In kuwa shekara 1000 ɗin kake so, to ka raba zoben da takobin, ka ba tsibirin majalisar da ke tsoron jarumanta, kuma ka rubuta babin da aka dawo da kwamanda cikin sarƙa alhali matuƙa na bakin ruwa suna kiran sunansa. Wannan babin nake so ka fara turo mini. Ka gaida mahaifiyarka da ƙannenka.

Kawunka