Amsa ga mai tambayar buɗe wa ƙasashen waje ciniki tun ranar farko

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce kana haɗa shafin sayar da huluna da takalman fata, kana tambaya ko ka tsaya a Najeriya tukuna ko ka buɗe wa duniya tun farko. Ni ma harkar da nake yi ke nan a Kano, daga Ƙofar Wambai nake saro kayan fata.

Shawarata ka buɗe tun yanzu, amma idan an ce ƙasar waje kada zuciyarka ta tafi Amurka da Ingila kawai. Irin su Skype, manhajar kira ta intanet da injiniyoyin Estoniya suka gina a 2003, dole ce ta sa suka fita kasuwar duniya da wuri: mutanen ƙasar ba su kai miliyan 2 ba, kuma hajarsu ba ta shiga mota. Taka kuwa sai an ɗaure an loda. Kwastomanka na kusa yana Maraɗi, Damagaram ko Njamena, mutanen da tun kafin a san intanet suke zuwa Kantin Kwari.

Inda aikin yake shi ne karɓar kuɗi, kuma a nan na ga samari da yawa sun tsaya cak bayan sun kashe jarinsu wajen ƙawata shafi. Mutumin Nijar da saifa yake biya, kuma saifarsa daban take da ta Chadi da Kamaru. Da yawa daga cikin masu saye a wurina ba sa amfani da katin banki. Suna ba wani amintacce kuɗi a can, ni kuma in karɓi naira a wurin abokin hulɗarsa a Wapa, kasuwar 'yan canji ta Kano. Ga masu kati, kamfanonin karɓar kuɗi ta intanet irin su Paystack da Flutterwave suna aiki, amma ka fara yin rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, domin za a nemi takardun. Sannan tun da aka saki naira kasuwa ta riƙa yanke darajarta a Yunin 2023, ba na barin farashi ya daɗe ban duba shi ba, in ba haka ba canji ne zai cinye ribar.

Sai aika kaya. Takalmi guda zuwa Turai, kuɗin aikawa kan fi kuɗinsa, shi ya sa nake tara oda ko in nemi mai sari. Lokacin da aka rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin 2023, cinikina na can ya tsaya har aka buɗe a Maris ɗin 2024, kasuwar gida ce ta riƙe ni. Ko Jumia, babbar kasuwar intanet, da ƙarfinta ta janye daga Kamaru da Tanzaniya a 2019.

Saboda haka ka ɗauki ƙasa ɗaya, ka samu direba da wakilin da ka yarda da su, ka sa Faransanci kusa da Hausa a shafin, da lambar WhatsApp, don mutanenmu sai sun ji murya suke sakin kuɗi. Allah Ya ba da kasuwa.